'Ya'yan Zuma Ma Abinci Ne

Mu a wajenmu in an ce ƙudan zuma, zumar kawai ake nufi, sai kuma kakin da ake sayarwa. Amma duk wanda ya taɓa ganin an fasa amya ya san ba duk saƙar ce ke ɗauke da zuma ba. Akwai wadda ramukanta ke cike da wasu fararen halittu masu laushi, wato 'ya'yan zuma. A ƙasashe da dama wannan abinci ne da ake saye da kuɗi.

Ga yadda abin yake. Sarauniya ta saka ƙwai, bayan kwana 3 ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Ma'aikata su yi ta ciyar da ita kusan kwana 6, sannan su toshe bakin ramin da kaki. A cikin wannan rufi take sauya kama, kai da ƙafafu da idanu su fito, amma jikin na nan fari fat, bai yi tauri ba. Ma'aikaciya kan fito bayan kwana 21 da saka ƙwan, namiji kuma kwana 24. Wannan matakin na cikin rufi shi masu binciken abinci suka fi zuba wa ido.

In an busar da su, kusan rabin nauyinsu furotin ne, wato sinadarin gina jiki da muke nema a nama da ƙwai da wake. Suna da mai, suna da sinadaran fotasiyam da fosfaros da zink. Sai dai a lura da kalmar "busar". Ɗanyensu kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, furotin ɗin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba sosai. Masu talla sukan ɗauki adadin busasshen su yi shiru a kan na ɗanyen.

Ni ɗanɗanonsu na fara sani kafin lissafinsu. Kawuna yana da amya a kan bishiyoyin gonarsa, kuma in ya ɗebo zuma da dare, mu yara yake miƙa wa saƙar da ke da 'ya'ya. Ruwanta kamar madara yake, da ɗan garɗi irin na ɗanyar gyaɗa. Ba don gina jiki yake ba mu ba. In aka matse su tare da zumar sai ta yi gurɓi, ta yi saurin tsami, mai saye ya raina ta.

Wanda ya yamutsa fuska ya tuna da farar da ake soyawa da yaji a Maiduguri da Maraɗi. Rahoton da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2 ne ke cin ƙwari, nau'i fiye da 1,900. A arewacin Tailan ana gasa saƙar 'ya'yan zuma cikin ganyen ayaba. Mutanen Hadza na Tanzaniya kuwa tare da zumar suke cinye su.

Batun da aka fi kambamawa shi ne wai suna tsare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa, irin yadda fenti ke hana ƙarfe tsatsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma yawancin gwajin a cikin kwalba ake yinsa: a zuba ruwan samfurin cikin wani sinadari mai launin shunayya, in ya koɗe ya koma rawaya sai a ce yana da ƙarfi. Cikin mutum ba kwalba ba ne, akwai narkewa, akwai hanta. In wannan kariyar kaɗai ake nema, zogale da zoɓo sun fi araha. A ganina furotin ɗin ne hujja mai ƙarfi.

Abin da ke damuna shi ne amyar kanta. 'Ya'yan nan su ne ma'aikatan watan gobe. Mai ɗibar zuma da wuta, wanda ke kwashe saƙa duka, ya riga ya kashe gidan ko ya kore shi. In aka ce 'ya'yan ma kuɗi ne, ɓarnar za ta ninka. A Turai mazan kawai ake cira, domin ba sa ɗebo ruwan fure, kuma wata kaska mai suna baroa ta fi son hayayyafa a ramukansu. Da ma zubar da su ake yi don rage ta, sai masu bincike a Denmak suka ce a ci. Gane su ba wuya, murfin raminsu ya fi tudu. Amma hakan sai da akwatin zamani mai saƙa ɗaiɗai da ake zarowa a mayar.

Akwai kuma hukunci. Hadisi ya hana kashe ƙudan zuma, kuma a kan haka Shafi'iyya suka haramta cinsa, alhali Malikiyya sun fi sassauci a kan cin ƙwari. Wannan sai a tambayi malami. Wanda harbin zuma ke kumbura masa jiki duka, ko cin jatan lande ke sa masa ƙaiƙayi, ya nisance su. Kuma ba sa jure zafi irin namu, ranar da aka ciro su ranar ake soyawa.