Yadda Zango Ya Karɓi Labarin Allurar Korona

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi magana a kan wani abu wanda ya wuce, amma ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba. Watau labarin allurar rigakafin korona, da irin karɓar da muka yi masa a nan Kumasi. Ni dai malamin makarantar allo ne, ba likita ba. Amma kun san halin jama'armu, duk wanda ya ji labari ya ruɗe, zauren malam ya kan nufa, saboda haka kunnena ya sha magana a wannan lokaci.

Ku tuna halin da labarin ya same mu a ciki. Ran 12 ga Maris 2020 aka ce cutar ta shigo Ghana. Bayan kwana uku Shugaban Ƙasa ya hana taro, aka rufe masallatai da makarantu, ba a daɗe ba aka rufe iyakokin ƙasa, daga ran 30 ga watan kuwa aka kulle Ankara da Kumasi har mako uku. Allunan yarana suka yi ta shan ƙura a jingine, kuɗin Laraba ya yanke. Muka yi azumi ba tarawihi a masallaci, shekarar nan kuwa ko mutum ɗaya bai tashi daga nan zuwa hajji ba. Masu goro su suka fi kowa ji a jika, gama goro ba ya jiran a buɗe hanya.

Ana cikin haka, ran 9 ga Nuwamba 2020, sai rediyo ya ce kamfanin Pfizer na Amurka da BioNTech na Jamus sun sami allura mai aiki. Ga yadda suka gwada ta. Sun tara mutum fiye da 40,000, suka yi wa rabi allurar, rabi kuwa ruwan gishiri kawai, ba wanda ya san abin da aka sa masa, sa'an nan suka zuba ido. Da aka gama lissafi, cikin mutum 170 da cutar ta kama, 162 masu ruwan gishiri ne, 8 kaɗai ne masu allura. Daga nan aka sami maganar 95 bisa 100. A ƙasashen Turawa sai murna, kasuwannin hannun jari suka tashi a yinin nan, ran 8 ga Disamba kuwa aka fara da wata tsohuwa mai shekara 90 a Ingila.

A nan zango kuwa, mutumin da ya fara tsayar da ni a kan maganar, ɗan kasuwa ne, tambayarsa ɗaya: “To, Malam, yaushe za a buɗe hanyar Aflao?” Samari suna ta yawo da labari cewa miji da matar da suka kafa kamfanin Jamus ɗin asalinsu Turkawa ne, haka ne kuwa. Waɗansu suka ce ai ciwon Turawa ne da masu hawa jirgin sama, ina ruwanmu. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Wadda ta yi mini nauyi ita ce maganar wani dattijo, tsohon fatake wanda ya yi shekaru yana kai goro Kano. Ya bari sai da yara suka watse, ya zauna a bakin tabarma, ya ce, “Malam, maimaita mini sunan kamfanin nan.” Na maimaita. Ya yi shiru, can ya ce, “Ai mun san su.”

Ya kuwa san su. A 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta auka wa Kano, kamfanin nan ya gwada wani magani mai suna Trovan cikin yara wajen 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Kamfani ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a har 2009, kana aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da yawa cikinmu tushenmu can ne, labarin Kano kuwa ba ya kwana bai iso zango ba. Ƙari a kan wannan, cikin Afrilu 2020 waɗansu likitoci biyu a Faransa sun faɗa a talabijin cewa a zo Afirka a yi gwaji, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito ya tsawata. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma ya gudu, kada a ce masa wawa. Na ga 'yan boko namu suna yi wa irin wannan dattijo dariya, suna ce masa jahili. Wallahi dariyar nan ta kori mutane daga allura fiye da yadda jita-jita ta kora.

Amsar da na ba shi ba daga littafi na ɗauko ta ba, daga kasuwa ce. Na ce, “Baba, in mutum ya dafa abinci da guba, wa ya kan fara zuba wa, kakarsa ko baƙo?” Gama abin da ya faru a fili yake. Masu allurar nan a jikin mutanensu suka yi yawancin gwajin, tsofaffinsu suka fara yi wa, sa'an nan ƙasashe masu kuɗi suka saye ta tun ba a gama yin ta ba, har suna faɗa da juna a kanta. Mu sai ran 24 ga Fabrairu 2021 jirgi ya sauka Ankara da allura 600,000, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 30, kuma wai mu ne na fari da aka kawo wa a ƙarƙashin shirin COVAX. Wadda aka kawo ɗin ma ba ta Pfizer ba ce, ta AstraZeneca ce da aka yi a Indiya. Da cutar ta tsananta a Indiya suka tsayar da fitar da ita, waɗanda aka yi wa ta fari a nan suka yi ta jiran ta biyu. In akwai ƙarar da ta kamata mu kai, ita ce an bar mu a ƙarshen layi. Mu kuwa muna nan muna ƙarar za a fara da mu.

To, yanzu bari in juyo kan namu laifin, iyayena ku gafarce ni. Mu mutane ne masu tambayar asalin abu. A karatu, in mutum ya kawo magana sai mu ce, a wurin wa ka ji, shi kuma a wurin wa ya karanta? A kasuwa ba mai sayen huhun goro bai kwance ya duba cikinsa ba. Amma sai ga murya ta shigo waya ta WhatsApp, ba suna, ba gari, ba malami, tana cewa duk wanda aka yi wa allura ba zai wuce shekara biyu ba, ko kuwa ba zai ƙara haihuwa ba, mu kuwa muka karɓa hannu biyu muka aika wa 'yan'uwa a Tamale da Lome. Shugaban Ƙasa ya miƙa hannunsa a gaban jama'a ran 1 ga Maris 2021, Mataimakinsa Alhaji Bawumia ma haka, aka ce ai ruwa aka sa musu. Shekara biyun ta zo ta wuce, wata biyun ta bi ta. Waɗanda aka yi wa allura a unguwarmu ga su nan a sahu, na kuwa ci goron suna a gidajensu ba sau ɗaya ba. Mai muryar nan har yau ban ji ya sake aiko da wata yana neman gafara ba.

Su ma masu kiran mutane zuwa allura ba su kuɓuta ba. Sun bar jama'a suka ɗauka wanda aka yi wa ya gama da korona har abada. Da sabon launin cutar ya ɓullo a ƙarshen 2021, ya kama har masu allura, sai masu gardama suka ce kun gani! Alhali babban amfaninta shi ne ta rage tsananin ciwo da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini. Haka kuma gaskiya ne ta AstraZeneca ta kan jawo daskarewar jini ga waɗansu mutane ƙalilan ƙwarai. Da an faɗi wannan tun da wuri da Hausa, a bakin wanda muka sani, da ya fi.

Tambayoyin da aka kawo mini na addini ba su ba ni wuya ba. Masu yin allurar sun bayyana ba kome na alade a ciki. Malamai da yawa sun ce allurar dantse ba ta karya azumi, gama ba ci ba ce ba sha ba. Mai cewa tawakkali ya ishe shi kuwa, na tuna masa Sayyidina Umaru ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, wa zai ce ya fi shi tawakkali? Wani lokaci ma ba na cewa kome, sai in roƙi dattijo ya naɗe hannun rigarsa. Ga tabon lambar agana nan a dantsensa. Yarana na makaranta ba su san ko mene ne agana ba, domin tun 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya, lambar nan ce kuwa ta ƙare ta.

Amma kada in yaudare ku, ba wa'azina ne ya kai yawancin mutane asibiti ba. Da aka buɗe hajji ga baƙi a 2022, aka ce sai mai shaidar allura, da kuma aka buɗe iyakokin ƙasa ran 28 ga Maris na shekarar aka ce a nuna kati, sai ga masu rantsuwa jiya sun yi layi tun da asuba. Har da dattijona na goro. Da na tsokane shi sai ya ce, “Malam, ai ta sanƙarau ma dole ake yi wa alhazai, ban ga wanda ya fasa Makka dominta ba.”

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona cikin Mayu 2023. Abin da ya sa na tono maganar shi ne, tsoron bai tafi tare da cutar ba, ya koma kan yara. Na ga uwa ta tura ɗanta bayan ɗaki da ta ji sallamar masu ɗigon shan-inna, abin da ba ta yi dā. Mun kuwa san inda wannan hanya ta kai. Da aka tsayar da ɗigon a Kano a 2003, cutar ta bazu ƙasashe wajen 20, har nan Ghana ta gurgunta yara a shekarar.

Saboda haka ina roƙon Sarkin Zango da shugabannin ƙungiya, duk lokacin da za a zo da wata allura, a kira ma'aikatan lafiya tun kafin ranar, su zauna da limamai da iyaye mata, a sami mai fassara, kowa ya yi tambayarsa har ta Kano, kada a yi wa kowa dariya. Ran Alhamis ba karatu a makarantata, zauren yana cin mutum 40, tabarmi kuwa akwai. Wassalam.