Oshogbo: Inda Gwangwani Ke Zama Mota

Duk matafiyin da ya sauka Oshogbo, hedkwatar Jihar Oshun tun 1991, abin da za a fara nuna masa shi ne kurmin nan na bakin kogin Oshun, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Amma mai son sanin tushen fasahar garin, sai ya bar titin mota ya shiga lunguna da la'asar.

A nan ne zai tarar da yara sun baje kolinsu a gindin bango. Gwangwanin madara shi ne jikin mota. A huda shi da ƙusa da dutse, a yanko tayoyi daga tsohon silifa, tsinken tsintsiya ya haɗa su. Kwalin ashana ya zama kujera, marfin kwalba kuwa fitila. Wasu kuma tsohuwar jarida suke jiƙawa ta kwana, a kirɓa ta a turmi, a kwaɓa da sitacin rogo, a gina kifi ko ƙwarya a shanya. Yaron da ya taso da motar kara da shanun laka a Arewa ba zai ga baƙon abu ba.

Sau da yawa iyaye kan ce ɓata lokaci ne, da safe a share kayan a zuba a juji. To, a Oshogbo dai wannan magana ba ta da ƙarfi. A 1962 Duro Ladipo ya buɗe kulob ɗin Mbari Mbayo a gidansa, a 1964 kuma Georgina Beier ta tara samari a can ta ba su kayan zane. Jimoh Buraimoh, mai gyaran wutar lantarki, ya shahara da liƙa duwatsun ado a kan katako. Asiru Olatunde maƙeri ne, ya koma buga hotuna a kan farantin alminiyam. Adebisi Akanji kuwa birkila ne kawai kafin ya shiga aikin siminti tare da Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya wadda ta rasu a garin a 2009.

Yanzu motocin roba na ƙasashen waje sun cika kasuwa, masu sheƙi, ga sauƙin karyewa. Idan tayarsu ta fita, shi ke nan, sai kuka. Ta gwangwani kuwa, mai ita zai nemo wani silifan ya zauna gyara.