Bindigogi Uku Na Baba Saje



A Kafinsoli, in ka ce Baba Saje babu mai tambayar ka wanne. Mu jikokinsa ma haka muka tashi muna kiran sa, sunansa na yanka kuwa sai dai a katin fansho. Bindiga uku ya riƙe a rayuwarsa: ta soja, ta 'yan sanda, da ta toka wadda ya gada a wurin mahaifinsa. A cikin ukun nan babu wadda ya taɓa yarda wani jikansa ya ɗora wa hannu.

Ya shiga soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Bayan ɗan guntun horo a Zariya aka tura shi runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammad ke jagoranta, kuma yana cikin waɗanda aka zuba a jiragen ruwa a watan Oktoba na shekarar don su haye kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha. Hayewar ba ta yi kyau ba. Mutane da yawa ruwa ne ya cinye su, ba harsashi ba. Ku tuna saurayi ne da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na tafki da ƙoramar damina ba. Abin da muka sani ke nan, shi ma daga bakin kakarmu. In muka matsa masa da tambayar ko ya kashe mutum, sai ya aiki mai tambayar ya ɗebo masa ruwa a randa. An gama yaƙi ranar 15 ga Janairu, 1970, kuma har ya koma ga Allah in ranar ta zagayo ba ya zuwa wurin taron tunawa da mazan jiya. Azumi yake yi.

Da aka zo rage yawan sojoji a zamanin Murtala da Obasanjo, yana cikin waɗanda aka mayar aikin ɗan sanda. Tsofaffin garinmu ɗan doka suke ce masa, sunan da suka saba da shi tun zamanin En'e. Bai wuce saje ba har ya ajiye aiki, kuma da keke ya dawo gida. Abin da yake alfahari da shi guda ɗaya ne: duk shekarun da ya yi da kakin 'yan sanda bai taɓa harbin kowa ba. Ya ce ɗan sandan kirki da ƙafa da kunne yake aiki. In an sace akuya, ka je wurin mahauta da asuba, ka zauna a teburin mai shayi, ka yi shiru.

Mu dai a daji muka fi sanin sa. In an gama kaka, an kai dawa da gero rumbu, sai ya tasa mu gaba da gorar ruwa da 'yar kokara. Bindigar tokar na rataye a kafaɗarsa, amma sau da yawa haka take dawowa da ɗurinta. Karatu yake koya mana. Zai tsaya a kan yashi ya ce mu gaya masa abin da ya wuce ta nan, kuma yaushe. Sawun zomo dabam, na kurege dabam, jan wutsiyar damo dabam da na guza. Sawun da gefensa ya zube na jiya ne, wanda raɓa ba ta taɓa ba na yanzu ne. Shi ya nuna mana yadda gawo ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Shi ya hana mu karya reshen kanya ko magarya don 'ya'ya biyu. In ya ga makwarwa da 'yan tsaki, ko zomanya mai ciki, sai ya sauke bindiga, ko da kuwa ranar miyar kuka ce lami a gida. Mukan dawo da ƙaya a ƙafa da aduwa cike da aljihu, yana tsokanar matan cikinmu da cewa amarensa sun cika raki, mazan kuma ya ce ragwaye ne masu son ƙwace masa mata.

A irin wannan yawo muke biyawa ta rugage. Ya iya Fillanci daidai gwargwado. Yakan zauna a sha fura, a yi hirar makiyaya da burtalin da manoma suka cinye, a ba mu nono a ƙwarya mu taho da shi.

Daga baya sai dajin ya rufe. Labarin da muke ji daga Batsari da Safana da Ɗanmusa, wajen dajin Rugu, ya yi ta matsowa. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Caranci da ke maƙwabtaka da mu, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Samari suka fara haɗa kuɗi ana sayen bindigogi, kuma wa za a nema ya jagoranci sintiri in ba tsohon soja, tsohon ɗan sanda, mafarauci ba?

Bai ƙi su ba, bai kuma ba su abin da suka zo nema ba. Ya koya masu yadda ake raba gadi, da inda ya kamata a tsaya, da yadda ake gane sawun babur na baƙo. Amma ya kafa sharaɗi: duk wanda aka kama a kai shi caji ofis da ransa, kuma ba za a tare mutum a hanyar kasuwa don kawai ya yi kama da Bafillace ba. Wani saurayi ya ce masa, "Baba, ai waɗanda muke kaiwa sakin su ake yi." Ya ce, "Na sani, yaro. Amma wanda ka kashe bisa kuskure wa zai sako shi?"

Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce tsoro. Mu kanmu jikoki mun rabu biyu a kan maganar, har yau ba mu haɗu ba. Akwai ɗan'uwanmu da aka sace wa surukinsa, aka sayar da gona kafin a karɓo shi. In ya ce Baba Saje bai san zafin abin ba, ba ma iya kallon idonsa mu ce ƙarya yake. Sauranmu muna ganin mutumin da ya ga Asaba a 1967 ya san abin da ke faruwa in an bar mai bindiga ya zama shi ne alƙali, kuma wannan ne amsar tambayar da ya ƙi ba mu muna yara.

Bayan rasuwarsa, da aka zo rabon gado, aka tarar da bindigar tokar a bayan randar ɗakinsa, a naɗe cikin buhu. Ya riga ya cire kunamarta, kuma an bincike ɗakin kaf ba a gan ta ba. Babban kawunmu ne ya ɗauki sauran ya ajiye. Ƙannenmu da suka taso yanzu ba su san sawun zomo ba, iyakarsu gonakin bakin gari, kuma kafin la'asar sakaliya an kira su gida.

Allah ya jiƙan Baba Saje, ya kai haske kabarinsa.