Zalɓen Da Ke Goshin Keke



Da wuya mutum ya shiga tsohon gida a cikin garin Haɗeja, ko a Auyo, ko Kafin Hausa, ko Malam Madori, ya rasa mataccen keke. Wani yana jingine a bayan ƙyauren zaure, wani an rataye shi a jikin rumbu, wani kuwa kaji sun mai da shi wurin kwana. Ba taya, ba sarƙa, sirdin ya bushe ya daddare kamar ƙasar fadama da bazara. Masu gidan ba su hawa, ba su kuma yar ba, don na Baba ne ko na Kaka. To, irin waɗannan kekuna muke bi muna nema shekara da shekaru, mu da wasu abokanmu biyu, ɗaya malamin makaranta kamarmu, ɗayan kuma tela. Asabar da Lahadi, in mun gama duba littattafan yara, sai mu shimfiɗa buhu a gindin darbejiya mu baje sifanu. Mutane sun tambaye mu har sun gaji, wai "Malam, albashin ne bai isa ba?" Albashi kam bai isa ba, wannan ba a musu, amma ba shi ya kai mu ba. Sha'awa ce, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru.

Abin da ya fara jan hankalinmu tun muna yara shi ne tsuntsun nan da ke goshin keken Raleigh, wanda iyayenmu ke kira Rali. Mutumin birni zai kalle shi ya ce tsuntsu ne kawai. Bahaɗeje kuwa da gani ya san kan zalɓe ne, da dogon wuyansa da ɗan tukkunsa, don ya saba ganin mai shi tsaye a bakin kogi ko a dausayin Baturiya yana dakon kifi. Sai da muka girma muka san daga birnin Nottingham na Ingila zalɓen ya taso, inda wani mai suna Frank Bowden ya sayi wani ƙaramin shagon ƙera kekuna a kan Titin Raleigh wajen ƙarshen shekarun 1880, ya kuma bar wa kamfanin sunan titin. Kekunan sun yi kasuwa a ƙasar nan har ta kai kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Da kuɗin Udoji suka fito a 1975, zamanin Janar Gowon, malaman firamare da masinjoji da ma'aikatan asibiti da yawa ba su tsaya ko'ina ba sai kantin keke da na rediyo. Galibin waɗanda muke tonowa yau 'ya'yan wancan lokacin ne.

Daga baya da Naira ta karye, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, Rali ya fi ƙarfin talaka. Sai Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin, wanda muke kira Fonis, da Hero na Indiya suka cike gurbin. Su muka yi haya muna yara, awa guda, mai haya yana kallon agogo muna kallon fuskarsa. Su ma ɗin kwaikwayon ƙirar Ingila ne, baƙi, mai ƙafa inci 28 da birkin ƙarfe. Daga nan babura masu araha suka shigo, wanda duk ya samu hali ya jingine keke. A can Nottingham ɗin ma an daina ƙera Raleigh tun 2002.

Da a ce jinginewa kaɗai aka yi, da sauƙi, don ƙarfen kirki yana iya jiran mai shi shekara talatin. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne 'yan gwangwan. Suna bi gida-gida da kura da sikeli, su ba ruwansu da zalɓe ko tantabara, nauyi suke saye. Yaro ya ja keken kakansa ya kai musu, a sa guduma a ninke shi biyu, a ba shi kuɗin da ba su wuce na kati ba. Ba mu ga laifinsu ba, neman halaliyarsu suke yi. Amma keken da ya hau sikeli ya tafi ke nan, kuma babu masana'antar da za ta sake ƙera irinsa. Saboda haka muka ƙulla abota da biyu daga cikinsu, in sun samu mai alamar tsuntsu su ajiye mana kwana biyu, mu ɗora musu wani abu a kan kuɗin sikeli.

In keke ya zo hannu, ba ma saurin kwance shi. Gangar jikin ake fara dubawa, domin komai na keke ana iya sauya shi ban da ita. Mukan shafa ƙarfen da ke bayan wuya, sama da ƙasa. In aka ji ɗan ƙullutu ko fenti ya tattare a wurin, to ya taɓa yin karo, ya lanƙwashe, kuma har abada zai riƙa ja gefe guda. Mukan ɗaura zare daga ƙarshen baya, ya zagayo ta wuya ya koma ɗaya ɓangaren, mu auna ko tazarar zaren da ƙarfen sirdi daidai take hagu da dama. Tsatsar sama ba ta ba mu tsoro, samfefa da haƙuri ne maganinta. Wadda ake tsoro ita ce ta ciki, musamman a nan inda ruwa kan shiga gidaje. Keken da ambaliya ta kwana a kansa, ruwa kan taru a ƙasan ƙarfen ya ci shi ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Sai an ƙwanƙwasa da sifana an saurara, kamar mai sayen tukunya.

Bayan nan sai jiƙo. Kowane noti a ɗiga masa kananzir da baƙin mai a bar shi ya kwana, wani har kwana uku. Mai gaggawa ba ya wannan aiki. A nan ne kuma ake gane wanda ya zauna da masu gyara da wanda bai zauna ba. Fedar hagu, alal misali, baibai ake kwance ta, an yi ta haka da gangan don kada ta warware ana cikin tuƙi. Haka ma murfin boris na dama a inda fedoji ke juyawa. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi, har ya cinye haƙoran. Sannan akwai wata mugunta ta Rali 'yan Nottingham: haƙoran murfin borisinsu 26 ne a kowane inci, alhali akasarin kayan da ke kasuwa yau 24 ne. Da ido ba ka bambancewa. Zai shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya, sannan ya cije, in ka matsa masa ka kashe keken da ya girme ka. Wannan ya sa ko keke ya mutu murus ba mu barin murafansa su tafi wurin 'yan gwangwan. Muna da gwangwanin madara cike da su, mun fi ji da shi a kan wasu littattafanmu.

Wanda ya koya mana wannan duka wani dattijo ne mai gyara a bakin kasuwa, wanda ya fara sana'ar tun ana biyan lasin keke. Shi har yanzu in ya so tsokana ba ya cewa keke, sai basukur ko laulawa. A wurinsa muka ga aikin da ya fi kowane wuya, wato ɗaurin ƙafa. Tsohon keken Ingila wayoyi 32 ne a ƙafar gaba, 40 a ta baya, saboda bayan ne ke ɗaukar nauyi. Kowace waya tana jan nata ɓangaren, in ka ɗaure ɗaya ka taɓa dukkan sauran. Baba yakan kifa keke, ya juya ƙafar, ya kara babban yatsansa kusa da bakin ƙarfen, ya kawar da kai gefe yana sauraro. Inda ya ji ta goga, sai ya ba wannan waya kwata, ya sassauta wa maƙwabciyarta kwata. Mun taɓa ce masa, "Baba, ai ta miƙe, ba ta kaɗawa." Ya ce, "Malam, ta miƙe ta gefe. Ka duba tsallenta." Gaskiyarsa kuwa, domin birkin ƙarfe ba gefen ƙafa yake kamawa ba, cikinta yake ja sama, don haka in ƙafar ba ta zagaye sosai ba, birkin sai ya riƙa kamawa yana saki kamar mai shaƙuwa. Yau yaran da ke wurinsa duk sun koma gyaran babur, kuma ba za mu zarge su ba, can kuɗin yake. In an kawo musu ƙafar da ta karkace, sai su ce a sayo sabuwa.

Tsakaninmu mu uku akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Abokinmu tela yana ganin in za a ta da Rali, a ta da shi yadda ya fito daga kwali: baƙin fenti da siririn layin ruwan zinariya, sirdin fata, fitila mai dainamo, ko ƙararrawa kada a sa masa baƙuwa. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, in ka gauraya ta da sukari ka ɓata ta. Muna jin daɗin kallon nasa, kai, ranar Sallah in ya fito da shi har dattawa sukan tsayar da shi su shafa. Amma ra'ayinmu ya saɓa da nasa. A Ingila mai wannan sha'awa yakan gyara keke ya kai shi wurin nuni. A nan kuwa keken da ba ya iya ɗaukar buhun shinkafa daga fadama, ko kwandon tattasai, ko kwalin busasshen kifi, bai gama tashi ba tukuna. Hanyoyinmu ba na Nottingham ba ne. Ta arewa rairayi, ta kogi taɓo mai kama taya kamar danƙo, ko'ina kuma tsidau da ƙayar aduwa suna jira.

Don haka mu muna ƙara wa namu abin da ƙasar ke bukata. Mukan cire ƙaramin gare na baya mai haƙora 18 mu sa mai 20 ko 22, mu ƙara wa sarƙa tsawo. Gudu zai ragu, amma mutum zai ja kaya a yashi ba tare da ya sauka ya tura ba. Mukan yanke bakin tsohuwar taya mu shimfiɗa ta cikin sabuwa, sai ƙaya ta huda biyu kafin ta kai ga iska, mai faci ya rage ganinmu. Kariya mukan kai wa mai walda ya ƙara mata ƙafafu. Dainamo kuwa, duk da ƙaunar da muke wa kukansa da dare, mun sallame shi, don yana cin gefen taya, kuma da ka tsaya fitila ta mutu. 'Yar fitilar caji ta fi shi amfani nesa ba kusa ba. Inda muka ja layi shi ne gangar jiki da kai da birki da zalɓe, waɗannan ba a taɓa su. Wani ya ba mu shawarar mu ɗaura wa ɗaya injin lantarki irin na Sin, muka ƙi. Birkin ƙarfe in ya jiƙe da ƙyar yake tsayar da mai tuƙi da ƙafa, balle wanda inji ke ja.

A 2022 wani ɗalibinmu ɗan aji biyar, daga wani ƙauye a hayin kogi, kullum sai an gama darasin farko yake isowa. Da muka bincika, ashe tafiyar fiye da awa guda yake yi a ƙasa, kuma akwai keken kakansa a rataye, sai dai gado ne da ba a raba ba, wani baffansa ma har ya yi ciniki da 'yan gwangwan. Muka je muka gai da baffan, muka ce, "Alhaji, abin da sikeli ya ba ka za mu ba ka, a raba wa magada, keken kuma ya zauna a gidan." Ya yi shiru, sannan ya ce shi da ma kunyar ganinsa yake yi yana ruɓewa. Asabar huɗu muka yi a kansa, yaron na wanke boris da kananzir yana ƙirgawa, goma sha ɗaya kowane gefe. Da ambaliyar shekarar ta yanke hanyoyi, masu babura da yawa suka ajiye, shi kuwa sai ya saɓa kekensa ya sa a kwalekwale, a haye da su, ya hau ya ci gaba. Bai zama na ɗaya a aji ba, kada mu yi ƙari, amma ya daina rasa darasin lissafi, ranar da ba makaranta kuma mahaifinsa na kai kayan lambu kasuwa da shi.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, masu yi mana dariya suka fara zuwa gindin darbejiya da sallama. Har da abokan aikinmu da suka kafe babura a gida. Kowa ya tuna akwai wani abu a zauren gidansu. Wasu sun tarar da shi, wasu kuwa sun tarar yara sun riga su. Kayan gyara su ma suka yi tsada, taya da sarƙar yanzu kuma ba su da ƙwarin na da, wata sarƙar wata shida ta saki. Mu dai ba mu karɓar kuɗin hannu, mai keke ya sayo kayansa, amma da sharaɗi guda: ya zauna a yi da shi, ko ya turo ɗansa.

Yanzu haka akwai wani Rali mai ƙarfe biyu a sama da ke jingine a ɗakinmu wata na biyar. An kankare shi, an yi fenti, Baba ya ɗaure ƙafafun da hannunsa, zalɓen ya sha goga da toka da lemon tsami har yana ɗaukar ido. Abu guda ya tsayar da shi, murfin boris na dama mai haƙora 26, namu na gwangwani duk na hagu ne. Mun aika Kano an duba ba a dace ba. In akwai wani cikin 'yan'uwa da ke da mataccen Rali a gidansu, ko da ya karye biyu ne, don Allah kafin mai sikeli ya zo a sanar da mu ta hannun Edita, za mu biya kuɗin mota.