Alamar da ke ƙofar Ankul, da wadda na ɗora a status

1/ Jama'a, yau zan ba ku labarin wani abin kunya da na yi a Indiya. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, don ba ni ne gwarzon labarin ba. Zaren yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina.

2/ Na sauka Pune a watan Agusta 2022 don karatun harhaɗa magunguna. Daga filin jirgi na hau adaidaita sahu, irin namu na Kano sak, don a garin ma kamfanin Bajaj yake. Ina zama sai ga alamar Hitler ja-wur a gilashin gaba, an kewaye ta da furanni.

3/ Kafin mu isa masauki na ƙirga ta ya fi sau ashirin. A bayan manyan motoci, a ƙofar shaguna, a bangon gidaje, har a jikin sabon babur. Na ɗauki hoto na jefa a guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare, na rubuta: "Ashe Indiyawa 'yan Hitler ne." Aka yi ta dariya.

4/ Wani ya ce ai sun san gwarzo. Wani ya turo hoton wuta guda uku. Ni ma na yi dariya na wuce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Gidan da na kama haya bene ne mai hawa uku. Mai gidan dattijuwa ce Bahindiya mai bin addinin Hindu. Kowa Anti yake ce mata, ita kuma "beta" take ce min, wato ɗana. Ita ta fara gyara min fahimta, ranar da na nuna alamar a ƙofarta na ce mata Hitler.

6/ Wallahi ranta ya ɓaci. Ta ce sunanta suwastika, kalmar Sanskirit ce, daga "su" mai nufin alheri da "asti" mai nufin kasancewa. Fatan alheri ne kawai. Ana zana ta a sabon gida, sabuwar mota, katin biki, da shafin farko na littafin cinikin ɗan kasuwa.

7/ Na je na bincika, na tarar gaskiyarta ce. An tono hatimai masu wannan alama a kwarin kogin Indus, shekarunsu sun haura 4,000. Mabiya Buddha da Jain duk suna amfani da ita. Ko a Gana akwai irin zanen a kan tagullar awon zinare ta Asante.

8/ To ya aka yi ta faɗa hannun Hitler? A shekarun 1870 wani Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya tono ta a kufan birnin Troy da ke Turkiyya ta yau. Masu wariyar launin fata a Jamus suka ce ai tambarin kakanninsu "Aryan" ne. A 1920 jam'iyyar Nazi ta ɗauke ta, a 1935 ta zama tutar ƙasar.

9/ Su kansu 'yan Nazi da Jamusanci Hakenkreuz suke ce mata, wato gicciye mai ƙugiya. Tasu baƙa ce, cikin farin da'ira a kan jan ƙyalle, galibi a karkace. Ta Anti ja ce, a miƙe, da ɗigo huɗu a tsakanin hannayenta. Sai na ɗauka shi ke nan, na gane komai.

10/ A hawa na uku akwai wani dattijo Bafaranshe, injiniya a wani kamfanin kayan motoci a wajen gari. Shekararsa ta shida ke nan a Pune. Ankul nake ce masa, yadda ake yi a can. A jikin dogaran ƙofarsa akwai wani ɗan ƙaramin kwanso da yake taɓawa in zai shiga.

11/ Na tambaye shi, ya ce mezuza ce, akwai ayoyin Attaura a ciki. Nan na gane Bayahude ne. Gaskiya sai da gabana ya faɗi. Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. A inda na taso, kalmar zagi ce. Marowaci Bayahude ne, mugu Bayahude ne, mai cin amana Bayahude ne.

12/ Diwalin farko da na gani, Oktoba 2022, Anti ta bi ƙofa-ƙofa da farantinta na jan gari, tana zana suwastika a bakin ƙofar kowane ɗan haya. Ina kan matakala lokacin da Ankul ya dawo daga aiki ya tarar da tasa. Ya tsaya cak, makulli a hannu, kamar wanda ya ga maciji.

13/ Bai wuce daƙiƙa biyar ba. Sai ya sauke numfashi, ya haɗa hannaye ya yi wa Anti godiya, ya tsallake zanen a hankali don kar ya taka, ya taɓa mezuzarsa ya shige. Bai goge ba. Sati guda zanen yana nan har ya koɗe da kansa.

14/ Daga baya na tambaye shi. Ya ce: "Kaina ya san addu'a take yi min. Cikina ne bai san haka ba. Shekara shida ina koya masa." Sannan ya ba ni labarin kakarsa ta wajen uwa. An kama ta a Paris a 1942, aka kai ta sansanin Drancy, daga nan jirgin ƙasa zuwa Auschwitz.

15/ Ba ta dawo ba. Mahaifiyarsa ta tsira ne don wasu manoma sun ɓoye ta a ƙauye. Yahudawa kusan 76,000 aka kwashe daga Faransa kaɗai, waɗanda suka dawo ba su kai 3,000 ba. A Turai gaba ɗaya miliyan 6 aka kashe. Na saurara, na ce Allah sarki. Na ɗauka na ji.

16/ Ya ce abin da ya riƙe shi a Indiya shi ne Yahudawa sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar suna zaune lafiya da maƙwabtansu Hindu. Akwai Bene Isra'ila a Maharashtra, akwai na Kochi da ɗakin ibadarsu na Paradesi tun 1568. A Pune ma akwai Ohel David, jan ginin da David Sassoon ya gina.

17/ Amma ya ce kar in ɗauka babu ƙaya. A Nuwamba 2008 'yan bindiga sun shiga Nariman House a Mumbai, cibiyar Yahudawa, suka kashe Rabbi Gavriel Holtzberg da matarsa Rivka da wasu baƙi. Mai rainon ɗansu, Sandra Samuel, Ba'indiya, ita ta fito da yaron a guje.

18/ Kuma akwai masu ɓuya a bayan alamar Anti. A 2006 an buɗe gidan abinci a Navi Mumbai mai suna Hitler's Cross. A 2012 wani shagon tufafi a Ahmedabad ya sa wa kansa Hitler, da tambarin Nazi a jikin sunan. Sai da aka yi ta ƙorafi suka canza. Waɗannan ba addu'a suke yi ba.

19/ Damina ta 2023 zazzaɓin dengi ya kwantar da ni. Tsakar dare jikina ya rikice, abokin zamana ya yi tafiya. Ankul ne ya ji ina amai, ya ɗauke ni a motarsa zuwa asibiti, ya ajiye kuɗin gado kafin na gida su turo. Har da Hajiyata ya yi magana a waya, ina fassara musu.

20/ Hajiya ta yi ta sa masa albarka. Ban gaya mata Bayahude ne ba. Har yanzu ina tambayar kaina dalili.

21/ Sai Oktoba 2023 ta zo, yaƙin Gaza. Kun san halin da muka shiga. Kullum bidiyon yara a ƙarƙashin ɓaraguzai. Ba na barci. Wani dare aka turo hoto a guruf ɗin nan namu: Hitler, tambarinsa a hannu, da wata magana da Turanci wai ya bar wasu Yahudawa ne don duniya ta gane dalilinsa.

22/ Maganar ma ƙarya ce, babu inda aka tabbatar ya faɗe ta. Amma ban tsaya bincike ba. Raina a ɓace, na ɗora a status na kwanta. Da safe na duba waɗanda suka gani. Sunan Ankul na ciki. Na goge da sauri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

23/ Bai ce min komai ba. Sati uku muna gaisawa a matakala kamar baƙi. Shayin da muke sha ranar Lahadi ya tsaya. In na ji takunsa sai in koma ɗaki in jira ya wuce. Ni da ake ce wa mai baki a aji, na rasa kalma ɗaya.

24/ Ranar Diwali, 12 ga Nuwamba, Anti ta sake zagayowa da farantinta. Na hau sama na same shi tsaye a kan sabon zanen. Na ce Ankul, ka yafe min, fushin Gaza ne. Ya ce: "Ka yi fushin Gaza. Ni ma ba na barci. Ina da 'yan uwa da ba ma magana saboda wannan gwamnatin."

25/ Sai ya nuna ƙasa ya ce: "Wannan, matar da ta zana ta tana so in wayi gari lafiya. Wadda ka ɗora, mutumin da ke sanye da ita ya so a ce mahaifiyata ba ta kai shekara goma ba. Kai ka san bambancin. Anti ta koya maka, ni ma na gaya maka."

26/ Wannan ce ta kashe min jiki. Ba zan iya cewa ban sani ba. Direban adaidaitan da na yi wa dariya a 2022 bai yi laifin komai ba. Ni da na karanta tarihin, na ji sunan Drancy daga bakin jikan wadda aka kai can, ni ne na zaɓi ta Hitler da hannuna.

27/ Ya ƙara min da abin da ban sani ba. A 1937 'yan Nazi sun yi wa ɗaruruwan yaran Rhineland, 'ya'yan sojojin Afirka, aikin hana haihuwa da ƙarfi. A Yuni 1940 a Chasselay, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma daga Turawan da aka kama tare, suka kashe su.

28/ Wato gwarzon guruf ɗinmu, da ya same mu, ko mutane ba zai ƙirga mu ba. Kuma ni na san ɗacin a yi wa mutum kuɗin goro. Ana kirana "kalu" a titi. A 2017 an yi wa ɗaliban Najeriya duka a Greater Noida kan zargin da bai shafe su ba, don kawai baƙaƙe ne.

29/ Kar wani ya juya min magana. Ina tare da Falasɗinawa jiya, ina tare da su yau, ban janye ko harafi ba. Gwamnatin Isra'ila da sojojinta su ne za su amsa abin da suka yi. Dattijon hawa na uku da ya kai ni asibiti ba shi ya jefa bam ba.

30/ Mu da muke jin zafi in an ɗora mana laifin Boko Haram a filin jirgi, ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Na haddace, ban yi aiki da shi ba.

31/ Su kansu masu alamar sun zauna sun fahimci juna. A 2008 shugabannin Hindu da manyan malaman Yahudawa sun haɗu a birnin Kudus, suka sa hannu cewa suwastika tsohuwar alamar alheri ce da 'yan Nazi suka gurɓata. A 2022 jihar Victoria ta Ostireliya ta haramta ta Nazi, ta ƙyale ta ibada.

32/ Ankul ya koma Faransa bara da aikinsa ya ƙare. Ya yafe min, mun koma shan shayi, amma ba zan yi muku ƙarya ba, bai koma kamar da ba. Akwai labaran da bai sake ba ni ba. Ranar tafiyarsa ya cire mezuzar, ramukan ƙusa biyu suna nan a jikin ƙofar.

33/ Na rubuta a guruf ɗinmu cewa a daina turo hoton nan. Mutum biyu suka ce Yahudawa sun saye ni, ɗaya ya fita. Na kuma kira Hajiya na gaya mata ko wanene ya kai ni asibiti. Ta yi shiru, sannan ta ce: "To, albarkar da na sa masa tana nan."

34/ In ka zo Indiya ka ga alamar a ƙofar mutane, kar ka ɗauki hoto kana dariya kamar yadda na yi. In kuma hoton Hitler ya zo wayarka cikin dare ranka a ɓace, duba jerin masu ganin status ɗinka kafin ka ɗora. Ni sai da safe na duba.