Mun Gaji Da Finafinan Annoba, Amma Kada Mu Toshe Kunne

Mai karatu, idan aka turo maka fim a WhatsApp, ka ga an fara da mutum sanye da takunkumi yana tari, minti nawa kake yi kafin ka goge shi? A unguwarmu ta Limawa, a nan Jimeta, yawancin waɗanda na sani ko minti ɗaya ba sa kaiwa. Ban ga laifinsu ba. An cika mu da irin waɗannan finafinai har sun gundure mu. Abin da ke damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne, gajiyar ta tsallake fim, ta shafi duk wata magana da ta danganci cuta mai yaɗuwa.

Ka tuna yadda abin ya faro. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas. A watan Afrilu aka kulle Kano, cibiyar Kannywood, harkar fim ta tsaya cak. Masu sana'ar da yawa suka koma YouTube, kuma a shekarar ne masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka shiga gidajenmu. Sai dai a gefe guda, duk wanda ke da waya mai kyamara da abokai uku ya zama darakta, kuma kowa korona ya nufa.

Labarin kusan guda ne. Alhaji ya dawo daga tafiya, ya ƙi killace kansa, ya fara tari, a kai shi wani ɗaki da aka kira asibiti. Likita ya fito da aron farar riga, ya girgiza kai ya ce sai haƙuri, mata su fashe da kuka, wani dattijo ya rufe da nasiha. In kuma na barkwanci ne, mutum ya yi atishawa a majalisa, kowa ya watse har da mai barin takalmi. Na farko an yi dariya, na biyu an murmusa, na goma kuwa ko buɗe shi ba a yi.

Rashin kuɗi ba shi ne ya kashe waɗannan finafinai ba, rashin tambaya ne. Sai ka ga likitan fim da takunkumi a ƙasan hanci, ledar ƙarin ruwa a ajiye kan gado maimakon a rataye, kowace cuta allura ce maganinta. Kwatanta da 93 Days, fim ɗin Steve Gukas na 2016 a kan Ebola. Ya nuna yadda Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar Legas a watan Yulin 2014, da yadda aka riƙa bibiyar duk wanda ya yi hulɗa da shi. Haƙiƙa an kashe wa fim ɗin kuɗi, amma abin da ke riƙe mai kallo shi ne aikin da ma'aikatan lafiya suka yi, mataki bayan mataki. Wanda ya kalla ya tashi da sanin abin da ake yi idan annoba ta shigo gari.

Namu na araha tsoro kawai suka koya mana, shi kuwa tsoro ba ya daɗewa. Da ya gushe, sai ya bar wa mutane raini. Yanzu da an fara sanarwar lafiya a rediyo, sai ka ji wani ya ce, "An dawo da wasan kwaikwayon nan." Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, mu kuma muka ɗauka an rufe babin annoba gaba ɗaya. Alhali tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓulla a Kano yana cin yara, cutar da ke da allurar rigakafi kyauta. A watan Satumban 2024 kuma amai da gudawa ya ɓarke a ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, Limawa na cikin unguwannin da ya taɓa.

A waɗancan kwanaki, abin da aka fi nema a wajen aikina shi ne Flagyl da kafso mai ja da rawaya. Uwa za ta zo ta ce, "Malama, yaro ne ke ta zawo tun asuba, ba ni mai ƙarfi." In na miƙa mata ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, sai ta dube shi kamar ban ɗauki maganarta da muhimmanci ba. A idonta, magani na gaske allura ce ko ƙarin ruwa, domin su take gani a fim. Ban taɓa cin karo da ɗan gajeren fim ɗin annoba da ya nuna uwa tana haɗa wannan ruwa ba, alhali shi ne ke ceton rai.

Kwalara tana kisa ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. Don haka da zawo ya fara, a narkar da ƙullin ORS a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan na lita 1 ne, ledar fiya wata biyu ke nan. A riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ba tsayawa, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo. In babu ƙullin a gida, ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe ba a tsiro ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tsaftataccen ruwa zai riƙe mutum. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. Mai shayarwa kada ta daina ba da nono. Idan zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ko yaro ya kasa sha, a wuce asibiti nan take, ana ba shi ruwan a hanya. Kafso kuwa sai wanda likita ya rubuta.

'Yan'uwana masu shirya fim, kafin ku kunna kyamara, ku zauna rabin awa da nas ko mai harhaɗa magani na unguwarku. Da wuya a samu wanda zai ce sai kun biya shi. Labari mai ratsa zuciya yana nan a gidan da uwa ta kwana tana ɗura wa ɗanta ruwa da cokali har gari ya waye.

Kai kuma mai karatu, goge fim ɗin in ya gundure ka, datarka ce. Amma sanarwar ma'aikatar lafiya ka saurare ta har ƙarshe. Ka ajiye ƙullin ORS biyu ko uku a gida tun kafin damina ta yi nisa. Yau da daddare ka ce wa uwargida ta ɗauko katin rigakafin yara, ku duba tare ko an yi musu allurar penta sau uku, a sati na 6, na 10 da na 14, wadda ke kare su daga mashaƙo. In akwai wadda ta wuce, ku kai yaron asibitin unguwa a cike masa. Allah ya ba mu lafiya.