Goyo a Kan Roba-Roba

A wani gida da ke cikin lungunan Mando, a arewacin birnin Kaduna, akwai wata ƙusa da aka kafa a bangon zaure, can sama da inda hannun yaro ɗan shekara goma zai iya kaiwa. A jikinta ake rataye makullin babur ɗin maigidan. Babur ɗin irin wanda jama'a ke kira roba-roba ne, saboda farar robar da ke kare ƙafafun mahayinsa daga iska da taɓo. Asalin samfurin na kamfanin Honda ne na ƙasar Japan, wanda ya fara ƙera shi a 1958 da sunan Super Cub, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Sai dai waɗanda suka cika titunan Kaduna a farkon shekarun 2000 yawancinsu kwaikwayo ne daga ƙasar Sin, masu sauƙin kuɗi da sauƙin kayan gyara. Irin wannan ne maigidan ya mallaka.

Ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Kullum da sassafe yakan bi titin Nnamdi Azikiwe, ya ratsa Bakin Ruwa da Kabala ta Yamma, ya tsallaka kogin Kaduna zuwa kudancin gari. A unguwar da yake aiki ne kamfanin Fijo, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake fitar da 504, motar da kowane ma'aikaci na zamaninsa yake sa rai zai ajiye a ƙofar gida kafin ya yi ritaya. Shi bai samu ba. Masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasa ma ta bi sahu, ya dawo ya buɗe ɗan tebur na kayan masarufi kusa da gida. Daga nan babur ɗin ya fara wuni a zaure, kuma a nan idon ɗansa na fari ya faɗa kansa.

Doka ta ce sai mutum ya cika shekara 18 zai samu lasisin tuƙi. Amma gidajen Mando suna da nasu tsarin, wanda ba a rubuta ba, kuma ya fi na hukuma matakai. Yaro yakan fara da wanke babur ranar Juma'a. In an ga bai zuba ruwa a inda bai kamata ba, sai a bar masa turo shi cikin zaure da dare. Bayan wasu watanni a ce ya tayar da shi da safe domin inji ya yi ɗumi, ya zauna a kai yana murɗa totur a hankali alhali babur yana tsaye a kan ƙafarsa. Tuƙin kansa kuwa ba uba ne ke koyarwa ba. Wani yayan unguwa ne zai ja yaro zuwa filin ƙwallo da yamma, ya zauna a bayansa, ya yi ta yi masa tsawa a kunne har ya daina kallon taya ya koma kallon hanya. Roba-roba ba ta da kuloci a hannu, taka giya kawai ake yi da ƙafa, don haka wanda ya iya keke ba ya wuce kwana biyu bai iya ta ba. Wannan sauƙin shi ne alherinta, shi ne kuma tarkonta, domin yaro yakan iya tafiya da ita tun kafin ya iya tsayar da ita.

Matakin ƙarshe shi ne aike. Maigidan mutum ne mai riƙo da alkunya, bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, "kai wannan" yake ce masa, bai kuma taɓa miƙa masa makulli hannu da hannu ba. Ranar da ya yarda da shi, yaron yana da shekara 15, abin da ya ce kawai shi ne: "Kai wannan, je Kawo ka karɓo mini buhun sukari." Ya juya ya shiga cikin gida. Buhun sukari ba ya ɗaukuwa a ka daga Kawo zuwa Mando, kuma dukansu biyu sun san haka. Yaron ya miƙa hannu ya zare makullin daga ƙusa.

Tun daga ranar babu aiken da bai yi tsawo ba. In an ce ya kai niƙa, sai ya biya ta Hayin Banki. In kasuwar Kawo ce ranar Talata, sai ya dawo ta Unguwar Dosa don abokan makaranta su gan shi. Lokacin litar mai tana naira 65, kuma yakan tara kuɗin tara ya sayi kwalba ɗaya a wurin 'yan bumburutu don cike gurbin abin da ya ƙona a yawon da ba a aike shi ba. Tankin roba-roba a ƙarƙashin wurin zama yake. Maigidan yakan ɗaga ya leƙa, ya ga mai bai ragu ba, sannan ya sunkuya ya kai bayan hannunsa kusa da inji ya ji zafinsa. Bai taɓa cewa komai ba.

Mai nazarin harshe zai lura da wani abu a bakin samarin wancan lokaci. Sunayen sassan babur kusan duk aro ne da aka yi wa kwaskwarima: kik, totur, fulogi, kafireto, salansa, birki. Amma da zarar an zo ga abin da babur yake yi, ko abin da ake yi da shi, sai a koma rumbun gida. Hawansa ake yi kamar doki. Yana da kai. Yakan sha mai, yakan shaƙe, yakan ƙi tashi da sanyin safiya kamar ɗan makarantar da ba ya son karatu. Kalmar da ta fi kowace nauyi a cikinsu ita ce goyo. Bahaushe bai nemo sabuwar kalma ba don ɗaukar mutum a bayan babur, sai ya ɗauko wadda yake amfani da ita ga uwa da jaririnta. Wanda aka goya ba ya ganin hanya, ba shi da birki, ba shi da ta cewa. Ya ba da ransa amana ga bayan wani. Samari suna furta kalmar sau goma a rana ba tare da sun ji abin da ke cikinta ba.

A watan Disamba na 2006 ana cikin jigilar maniyyata. Sansanin alhazai na Kaduna a Mando yake, don haka unguwar ta cika da baƙi da 'yan rakiya da masu talla, motoci suna ta kai-komo tsakanin sansanin da filin jirgin sama. Ƙanen yaron, ɗan shekara tara, ya daɗe yana roƙon a kai shi ya ga tashin jirgin alhazai da idonsa, ba daga tsakar gida ba. Wata la'asar maigidan ya tafi ta'aziyya a motar wani maƙwabci. Babu wanda ya aiki kowa.

"Yaya, don Allah. Kafin Baba ya dawo mun dawo."

Ya zare makullin. Suka wuce shataletalen Mando, suka ɗauki hanyar da ke fita ta Afaka zuwa Birnin Gwari. Hazo ya sauka, manyan motoci suna ta tururuwa. Wata tirela ta tare masa gaba tana hayaƙi, ya ga yamma tana ƙara yi, sai ya yanke shawarar wuce ta ta hannun dama, ta gefen kwalta inda yashi ya taru. Da ya ji taya tana zamewa, sai ya damƙe birkin gaba, abin da yayan unguwar nan ya sha gargaɗinsa a kai. Shi ya faɗa can gefe, ya kuje a gwiwa da tafin hannu. Ƙaramin ne babur ya danne. Ƙashin ƙaurinsa ya karye, salansa kuma ta kwanta a kan ɗaya ƙafar har sai da mutane suka zo suka ɗaga.

Ba su ga jirgi ba.

An yi gardama a gida tsakanin masu cewa a kai wa mai ɗori da masu cewa asibiti. Aka fara da mai ɗori, saboda aljihun maigidan ba kamar da ba. Bayan kwanaki ƙafa ta kumbura, aka koma asibiti, aka kwantar da yaro, mahaifiyarsu ta tare a can tana jinya. 'Yan dubiya kowa ya zo sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Magana ce ta gaskiya, an kuma yi ta don sanyaya zuciya, amma wanda ya zare makullin ya san cewa ranar tsautsayin da hannunsa ya buɗe mata ƙofa. Ya zauna yana jiran bulala, har yana fatan ta zo, domin duka yana da farko yana da ƙarshe.

Maigidan bai ɗaga hannu ba. Ya kai babur wurin bakanike aka miƙe masa kai, aka sauya robar da ta fashe da wata da aka samo a Panteka, launinta bai ma dace da sauran ba. Da dare ya tsaya a bakin zaure, bai kalli ɗansa ba.

"Kai wannan, gobe da asuba kai za ka kai wa Ummanku abinci. Da rana ma haka, da dare ma haka."

"Da ƙafa, Baba?"

"Da abin da ka kai shi can."

Mako shida yana wannan zirga-zirga, da kwanon abinci ɗaure a bayan babur, sau uku a rana, ta cikin shataletalen da gabansa ke faɗuwa duk lokacin da ya hango shi. Miya ba ta son gudu, ba ta son rami, ba ta son birkin gaggawa. A wannan makonnin ne ya koyi tuƙi. Ko maigidan ya yi haka ne don horo, ko don kada tsoro ya kama ɗansa har abada, ko kuwa don babu wani mai kai abincin, bai taɓa faɗa ba, kuma ba irin tambayar da ɗan fari ke yi wa uba ba ce. Ranar sallama, da aka ce a nemo tasi, maigidan ya ce a'a, wanda ya kawo shi shi zai mayar da shi. Aka ɗora yaron a baya, ƙafarsa a miƙe, ya rungume yayansa ta ciki. Tafiyar da ba ta wuce ta minti goma sha biyar ba sai da ta ci kusan awa guda. Ƙafar ta warke, amma ta ɗan gajarta, har yau in ya yi sauri ana gani.

Abin da ya biyo baya a kan babur a wannan yanki sananne ne. A farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sanya hular kwano, har wasu mahaya suka riƙa kifa ƙwarya a ka. A 2014 gwamnatin jihar Kaduna ta haramta acaɓa a cikin birni, shekara guda bayan Kano ta yi haka. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, a kan hanyar nan da yaran biyu suka bi don ganin jirgi. Kafin shekarar ta ƙare aka hana hawa babur gaba ɗaya na wata uku, na haya da na gida. Abin da ya kasance alamar cewa yaro ya fara hankali ya koma abin da ake tsayar da saurayi a kansa a shingen bincike.

Shi kuwa ɗan farin ya yi karatu, ya samu aiki, a 2019 ya sayi mota 'yar Kwatano. Ya kawo ta ƙofar gida, maigidan ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa ta, ya sa albarka. Motar ta raba shi da ƙura da ruwan sama, ta kuma raba shi da wani abin da bai yi zato ba. Mai babur in ya zo wuce majalisar dattawa dole ya rage gudu, ya sauke ƙafa ƙasa, ya gaisa. Mai mota hon yake dannawa daga bayan gilashi, ya ɗaga hannu, ya wuce. Cikin shekara biyu ya lura labarin unguwa, na haihuwa da na rashi, sai ya kwana yake isowa gare shi.

Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, motar ta fara kwana biyu uku ba a tayar da ita ba. Wata Asabar ya je gidan mahaifinsa ya tsaya a zaure yana kallon tsohuwar roba-roba, wadda aka jingine a bango aka lulluɓe da tabarma. Dattijon, wanda idonsa ya fara rauni, ya nuna ƙusa da sandarsa. Ƙanen ne ya taya shi tura ta wurin bakanike, yana ɗingishi yana dariya, yana cewa a wannan karon sai an nuna masa jirgin da aka yi masa alkawari. Shi kullum da raha yake ba da labarin. Yayan ne har yanzu ba ya iya saurara har ƙarshe.

Yanzu a gidan yayan babur ɗin yake kwana, kuma akwai ɗan yayarsu, mai shekara 14, da ke zaune a wurinsa yana karatu. Tun ba a sa shi ba ya fara wanke babur ɗin ranar Juma'a. Kwanan baya, bayan sallar la'asar, ya zo ya durƙusa.

"Kawu, na ga mai ya yi ƙasa. A kawo makullin in sayo maka."

Ƙaramar 'yar gidan, mai shekara shida, tana laɓe a bayan ƙofa, ta riga ta sa takalmanta.

Kawun ya daɗe yana juya makullin a hannunsa. Sannan ya ce wa yarinyar ta koma wurin mamarta, ya miƙa wa yaron hular kwano, ya tura babur ɗin da kansa har filin ƙwallon da ke bayan layi. Ya ce masa ya hau gaba. Shi ya zauna a baya.